KIRA ZUWA GA MUSULUNCI DAGA BAKIN MUDU YA KE FARAWA

Ran Talatar da ta wuce wani ɗan jam'iyyarmu, mai awon hatsi a wata kasuwar ƙauye, ya aiko mana da takarda wadda ta hana mu sakat tun da muka karanta ta. Ya ce bara da kaka an yi gagarumin biki a garinsu, waɗansu magidanta bakwai daga unguwannin Maguzawa suka karɓi kalmar shahada. Wani babban mutum ya zo daga birni da jerin motoci, aka kafa rumfa, aka yi ta kabbara, aka ba kowannensu yadi biyar na shadda da buhun shinkafa da carbi, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar motoci suka ta da ƙura suka koma inda suka fito.

Bayan wata takwas sai mai takardar nan ya gamu da ɗayansu a kasuwa, ya kawo 'yar dawarsa zai sayar. Suna cikin taɗi, ashe har ran nan bawan Allah bai iya Fatiha ba, don tun ranar biki ba wanda ya sake taka ƙofar gidansa. Danginsa sun janye jiki, ko gayyar gonarsa ba su zuwa. Ya nema wa ɗansa aure a cikin gari, an ce ba a ba ɗan tubabbe. Abin da ya fi ci wa mai takardar rai shi ne, a gaban idonsa wani maƙwabcin rumfarsa ya auni dawar mutumin nan da mudun saye, watau wanda aka bubbuge wa gindi don ya ƙara zurfi, alhali kuwa da zai sayar wani mudun dabam zai jawo.

Ya rufe takardarsa da tambaya biyu. Ta fari, laifin wa? Ta biyu, shi da ba malami ba ne, karatunsa bai wuce izu biyu ba, ko akwai wani abu da ya hau kansa cikin aikin kira zuwa ga Musulunci? Mun ga tambayar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta dukanmu ce, shi ya sa muka ba ta wannan fili.

WA AIKIN YA HAU KANSA?

Malamai sun ce aikin nan hawa biyu ne. Akwai wanda in waɗansu suka ɗauka ya sauka daga kan saura, watau a sami jama'a masu ilmi waɗanda suka keɓe kansu don wa'azi da karantarwa, kamar yadda aya ta 104 ta Suratu Ali Imrana ta nema. Wannan na malamai ne, kuma ba mu so ɗan tireda ya tashi yana ba da fatawa a kan abin da bai sani ba, gama da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai kuma wanda ya hau kan kowane Musulmi gwargwadon saninsa da ikonsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori al'ummarsa da su isar da abin da suka ji daga gare shi ko da bai wuce aya guda ba. Ranar Haibara kuwa ya shaida wa Sayyadina Aliyu cewa Allah ya shiryi mutum ɗaya ta hanyarsa ya fi masa jajayen raƙuma, waɗanda su ne dukiyar da Larabawa suka fi ji da ita a wancan zamani. To, mai izu biyu ya fi aya guda nesa ba kusa ba.

Amma akwai abin da a kan manta. Shiriya ba a hannunmu ta ke ba. Aya ta 56 ta Suratul Ƙasasi ta gaya wa Annabi da kansa cewa ba shi ke shiryar da wanda ya so ba, Allah ke shiryarwa, ga shi kuwa baffansa Abu Ɗalib, wanda ya rene shi ya kare shi, ya rasu bai musulunta ba. Aya ta 256 ta Suratul Baƙara kuma ta kawar da tilas daga sha'anin addini. Saboda haka namu isarwa ne kawai, ta hanyar da aya ta 125 ta Suratun Nahli ta tsara, da hikima da kyakkyawan wa'azi, in an zo ga jayayya a yi ta da ladabi. Wanda ya fahimci wannan ba zai yi gaggawar ƙirga kawuna ba, ba kuwa zai ji haushin wanda ya saurare shi ya ce a'a.

Wani zai ce, mene ne ya kai jaridar jam'iyya cikin wannan magana, ga shi kuwa a cikinmu akwai Kirista, akwai masu bin addinin gargajiya, duka da katinsu? Amsarmu ita ce, sashe na 38 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin ya bi addinin da ya so, ya sake in ya so, ya kuma yaɗa nasa. Ba mu neman kowa ya ajiye imaninsa a ƙofar ofishin jam'iyya. Abin da mu ke nema shi ne duk wanda zai yi kira ya yi shi ta yadda maƙwabcinsa zai kwana da rai a kwance, kuma kada a mai da kiran ya zama tarkon kama talaka.

TA INA MUSULUNCI YA ISO MANA?

Ku 'yan kasuwa, ku sani wannan aiki gadonku ne. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci, shugabansu Abdurrahman Zaite. Wangarawan nan fatake ne da malamai, da dabbobin kaya da allunan karatu suka shigo. Daga baya, a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wanda kuma ya kafa kasuwar Kurmi, Shehu Magili ya iso Kano ya tarar da gari ya riga ya san salla. Su kuma kakanninmu, da suka yi ta fataucin goro zuwa Gwanja, duk inda ayari ya yada zango sai a tayar da ɗan masallaci, a haƙa rijiya, a buɗe makarantar allo. Haka aka yi a Salaga da sauran garuruwan da ke kan hanyar, har yau kuma unguwannin Musulmi a Gana sunansu zango.

Ba mu ce ba a yi yaƙe-yaƙe a tarihi ba. An yi, kuma an kama bayi, har waɗansu al'ummu ba su manta ba, yana daga cikin abin da ke sa in aka kira su zuwa ga Musulunci su kan yi ɗari-ɗari. Wannan ma dalili ne da zai sa mu ƙara tausasawa. Amma a dubi wanda kowa ke ambata in an zo maganar jihadi, watau Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife shi a 1754, ya fara wa'azi yana ɗan shekara 20, bai yi hijira zuwa Gudu ba sai 1804. Ku lissafa, shekara 30 ke nan yana yawo cikin Gobir da Kabi da Zamfara, yana zama da manoma da makiyaya, yana yi musu magana da Fulatanci da Hausa don su gane, mata kuma suna halartar majalisinsa ko da waɗansu malamai sun yi ta sukarsa a kan haka. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajoji, tsofaffin mata masu hankali, su bi ƙauyuka su koya wa 'yan'uwansu mata addini a cikin gidajensu. Shi Manzon Allah ma shekara 13 ya yi a Maka yana kira, ba shi da sarauta, ba shi da baitulmali, kuma mafi yawan waɗanda suka fara amsa masa raunana ne, irin su Bilalu da Ammaru da mahaifiyarsa Sumayya.

WA'AZIN DA MUDU KE YI

Bamaguje ko Kirista wanda ke zuwa kasuwarku bai taɓa zama majalisin tafsiri ba, mai yiwuwa ba zai taɓa zama ba. Duk abin da ya sani game da Musulunci a jikinku ya ke karantawa. Yana ganin wanda ke rufe rumfa da jin kiran salla, ya dawo da ɗanyen ruwan alwala a gemu, ya jawo mudu biyu, na saye da na sayarwa. Yana ganin mai zuba tsakuwa cikin wake, da mai jera manyan tumatir a bakin kwando ruɓaɓɓu a ƙasa, da dillalin da zai rantse da Allah an taya akuya kaza alhali ba wanda ya taya. Yana ganin mai sayen hatsinsa da arha lokacin kaka, ya kulle cikin sito, in damina ta yi tsakiya yunwa ta kama ya sayar masa da ninki. Ran da wannan mutum zai buɗe baki ya ce masa zo ka shiga addinina, me ku ke zato zai faɗa a zuciyarsa? Gani ya kori ji.

Allah bai ɗauki maganar mudu da wasa ba. Sura guda cur, Suratul Muɗaffifina, da ita aka buɗe ta, da narkon azaba ga masu cikawa in sun auna wa kansu, su tauye in sun auna wa mutane. Ku lura, mutane aka ce, ba a ware Musulmi daga wanda ba Musulmi ba. An aiko Annabi Shu'aibu zuwa ga mutanen Madyana, kuma bayan kaɗaita Allah babban abin da ya yi ta faɗa musu shi ne su cika mudu da sikeli. Manzon Allah ya taɓa shiga kasuwa ya cusa hannunsa cikin tsibin hatsi ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma barranta daga mai algus. Shi kansa tun kafin a aiko shi ɗan kasuwa ne, ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Hadiza, mutanen Maka suna ce masa Amintacce. Har daren da zai yi hijira akwai ajiyar waɗanda suka ƙi bin sa a hannunsa, ya bar Sayyadina Aliyu a baya don ya mai da wa kowa kayansa.

Saboda haka ga amsar mai takardarmu. Malam mai awo, kiranka na farko mudunka ne. Ka riƙe mudu guda, da shi za ka saya da shi za ka sayar. In baƙauye ya yi kuskuren lissafi ka mai da masa canjinsa. In ka ba shi bashi ya kasa biya don fari ya cinye gonarsa, ka yi masa jinkiri. Yau da gobe, da bakinsa zai tambaye ka abin da ya sa ba ka yi irin na saura, ran nan kuwa ƙofar magana ta buɗe, ko da izu biyu kaɗai gare ka.

A KAMA HARSHE

In ƙofar ta buɗe, sai a san abin da za a faɗa. Magana zarar bunu ce. Allah da ya aiki Annabi Musa da Annabi Haruna wurin Fir'auna, mutumin da ya ce shi ne ubangiji, ya umurce su a cikin Suratu Ɗaha da su yi masa magana mai laushi. To, wane ne a cikinmu ya fi Annabi Musa, kuma wane maƙwabci gare mu da ya kai Fir'auna ɓata? Aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana ta nuna wa Annabi cewa da ya kasance mai kaushi da busasshiyar zuciya, da mutane sun watse sun bar shi. Aya ta 108 ta Suratul An'ami ta hana zagin abin da waɗansu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah cikin rashin sani. Amma mu ga mu nan, kalmar arne ta zama mana kamar gishiri a miya, yaro ya tashi yana jin ta a bakin ubansa, har ya ɗauka sunan maƙwabcinsu ke nan.

Mun ga abin da kaifin harshe ke jawowa. A watan Maris na 1987 gardama a kan wa'azi a kwalejin horon malamai ta Kafanchan ta zama wuta, ta bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka rasa rayuka, aka ƙone wuraren ibada da dukiyoyi. A watan Disamba na 1980 a Kano rikicin Maitatsine, wanda ya faro da wa'azin tsine wa duk wanda ba ya bin sa, ya ci mutum fiye da 4,000. A duk irin wannan tashin hankali ba mu taɓa jin an ƙone gidan gwamna ba. Rumfar ɗan koli ce ke cin wuta, ɗan dako ne ke kwana a asibiti.

Ku gwada wannan da abin da ya auku a Jihar Filato a watan Yuni na 2018. 'Yan bindiga suka afka wa ƙauyuka a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, mutane suka gudo ƙauyen Nghar, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara fiye da 80, ya ɓoye fiye da mutum 200, mafi yawansu Kirista, cikin masallacinsa da gidansa. Maharan suka ce ya fito da su, ya ƙi, ya ce sai dai a fara ta kansa. Bai tsaya tambayar wa zai musulunta ba kafin ya buɗe ƙofa. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma, amma mu a ganinmu abin da ya fi lambar shi ne duk wanda ya kwana cikin masallacin nan har ya mutu ba zai yarda a ce masa Musulunci addinin kisa ne ba.

Kuma a bi abu daki-daki. Sa'ad da Manzon Allah ya aiki Mu'azu ɗan Jabal zuwa Yaman, ya tsara masa ya fara kiransu zuwa ga shahada, in sun amsa ya sanar da su salloli biyar, in sun amsa sa'an nan ya zo kan zakka, wadda za a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Ya gargaɗe shi kada ya zaɓe mafi kyawun dukiyarsu, ya kuma ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ashe tun ranar farko an haɗa kira da hana zalunci cikin saƙo guda. Mu kuwa yau mutum ya shigo jiya, kafin ya iya alwala an fara jansa, wannan na cewa zo masallacinmu, wancan na cewa waɗancan ɓatattu ne. Ina zai sa kansa?

SHADDA DA BUHUN SHINKAFA

Yanzu bari mu zo kan babban mutum mai jerin motoci. Za a ce mana ai kyauta ga sabon Musulmi tana da asali, don aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa waɗanda a ke lallashin zukatansu cikin masu rabo a zakka. Gaskiya ne, ba mu musu. Amma muna tambaya, daga aljihun wa kuɗin ya fito? In daga baitulmalin jama'a ne, to, kuɗin harajin kowa ne, har da na Kirista da Bamaguje, kuma kuɗin da ya kamata a sayi magani a gyara rijiya ne. Muna kuma tambaya, me ya sa bikin ba ya tashi sai zaɓe ya matso, kuma me ya sa ba ya yiwuwa sai da mai ɗaukar hoto? Annabawa ɗaya bayan ɗaya a cikin Suratush Shu'ara sun shaida wa mutanensu cewa ba su neman lada a wurinsu. Wanda ke jiran ƙuri'a kuwa ai ya riga ya yanka wa kiransa farashi.

A nan ma Shehu Usmanu ya bar mana abin koyi. Wajen 1788, a bikin salla a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai ya yi musu kyauta, ya ware wa Shehu misƙali 500 na zinariya. Shehu ya ƙi karɓa, ya ce a maimakonsa yana roƙon abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama masu rawani, a saki fursunoni, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Ku duba da kyau, biyu daga cikin biyar ɗin nan ba na malamai ba ne, na talaka ne. Wannan shi ne mai kira wanda talaka zai yarda da shi. Haka kuma Halifa Umaru ɗan Abdul'aziz, wanda ya yi mulki daga 717 zuwa 720, da waɗansu gwamnoninsa suka ci gaba da karɓar jiziya daga waɗanda suka musulunta don kada baitulmali ya ragu, ya hana su, ya tuna musu cewa an aiko Annabi ne ya yi kira, ba ya tara haraji ba.

A ƙasarmu mun taɓa gwada haɗa kira da mulki. Tsakanin 1963 da 1965 marigayi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya yi ta rangadin musuluntarwa a lardunan Arewa, dubban mutane suka karɓi shahada a hannunsa. Ba mu shiga zuciyarsa ba, ba mu kuwa shakkar kishinsa ga addini, kuma akwai gidaje har yau da Musuluncinsu ya samo asali daga wannan rangadi, Allah ya saka masa. Amma da ya ke shi ne Firimiyan Jihar Arewa, shi ne kuma shugaban jam'iyyar NPC, mutane da yawa, musamman a lardunan tsakiya, sun kasa raba kalmar shahada da katin jam'iyya. Da aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966 aikin ya tsaya, waɗansu kuma da ba a bar musu malamai ba suka koma inda suka fito. In mutum irin Sardauna bai tsira daga wannan tarko ba, ina ga na yau?

Mu 'yan hamayya mun san zafin a mai da addini bulala. Bayan an kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, an sha gaya wa talakawa cewa wanda ya ja da sarki ya ja da Allah, aka ɗaure mutane, aka yi musu bulala. Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, da tafsirin Alƙur'ani ya riƙa mai da martani, yana nuna wa jama'a cewa littafin Allah ba ya goyon bayan azzalumi. Don haka dokar da mu ke kafa wa masu mulki mun kafa wa kanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Duk ɗan takararmu da ya ɗauki sabon Musulmi ya mai da shi allon talla, wannan jarida za ta faɗa masa abin da ta faɗa wa wancan.

BAYAN AN YI SHAHADA

Saura tambaya ta fari, laifin wa? Mai motoci yana da nasa kaso, amma ya tafi. Waɗanda suka rage a garin su ne liman da ladan da masu unguwa da 'yan kasuwa, su ne ke ganin mutumin nan kowace ranar kasuwa. Wata takwas ba a sami mutum ɗaya da zai taka zuwa gidansa ya biya masa Fatiha ba! Manzon Allah da mutanen Madina suka fara karɓar Musulunci bai bar su haka ba, ya haɗa su da Mus'abu ɗan Umair ya zauna cikinsu yana karantar da su gida-gida. Da aka yi hijira kuma ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari, kowane baƙo da wanda zai riƙe hannunsa. Abdurrahman ɗan Aufu, da ɗan'uwansa na Madina ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, godiya ya yi, ya ce a nuna masa hanyar kasuwa. Abin da sabon Musulmi ke bukata ke nan, a koya masa salla, a kuma nuna masa inda zai nemi abincinsa cikin mutunci.

Maganar hana aure kuwa abin kunya ce. Sahabban Annabi na farko duka tuba suka yi, Sayyadina Abubakar da Sayyadina Umar ba a haife su cikin Musulunci ba. Kakannin mai cewa ba ya ba ɗan tubabbe, su ma wata rana wani ne ya biya musu shahada. Suratu Abasa ta sauka ne don Annabi ya mai da hankali ga manyan Ƙuraishawa, makaho Abdullahi ɗan Ummu Maktum ya zo neman sani bai samu an juyo gare shi ba. In Allah ya yi wa fiyayyen halitta gyara saboda talaka guda, mu wa zai tsaya mana?

Kada kuma a raba mutum da danginsa. Musulunci bai ce ya yanke zumunci da iyayensa ba, Suratu Luƙman ta ce a zauna da su da kyautatawa ko da ba su bi addinin ba. In an yi musu rasuwa a je ta'aziyya, in sun yi gayya a ɗauki fartanya.

ABIN DA MU KE ROƘO

Muna roƙon rassan jam'iyyarmu na kasuwanni su zauna da sarakunan kasuwa da shugabannin 'yan awo a yarda da mudu guda, a kuma kafa wanda zai riƙa dubawa. Muna roƙon duk unguwar da aka sami wanda ya musulunta, kafin a watse daga taron a ambaci mutum guda da sunansa wanda zai koya masa alwala da salla, da mace guda wadda za ta riƙa shiga wurin iyalinsa. In za a taimaka masa a yi a ɓoye, daga zakka ko daga adashin jama'a, kuma jari ya fi shadda. Muna roƙon malamanmu su sassauta lasifika da harshe, su kuma ƙi hawa dandalin da aka kafa don zaɓe. Muna roƙon iyaye su cire kalmar arne daga bakin 'ya'yansu, su koya musu kiran maƙwabci da sunansa.

Kai kuma mai takarda, kasuwarku za ta sake ci cikin makon nan. In mutumin nan ya kawo dawarsa, ka kira shi rumfarka ka auna da mudun gaskiya, ka ba shi kuɗinsa cif. In azahar ta yi ka ɗauki buta biyu. Sa'an nan ka rubuto mana yadda kuka yi, za mu buga.

Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, ya shiryar da mu, ya shiryar da waɗansu ta hanyarmu. Amin.